Kasafin kuɗin gida: Yadda tsarin kaso zai yi aiki a Sara

A shekarar 2005 ne Elizabeth Warren, wadda daga baya ta zama sanata a Amurka, da 'yarta Amelia Warren Tyagi suka wallafa littafin All Your Worth. A ciki suka ba da shawarar a raba kuɗin shiga gida uku: kashi 50 cikin 100 na buƙatun dole, 30 na abin da rai ke so, 20 na tanadi da biyan bashi.

Lissafin mai sauƙi ne, amma a garin Sara da ke Ƙaramar Hukumar Gwaram a Jigawa, sai an gyara masa zama. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, wanda aka amince da shi a 2024, tsarin zai bar masa Naira 35,000 kacal ta cefane, magani, kuɗin makaranta da na mota. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, duk magidanci ya san da wuya wannan ta kai shi tsakiyar wata.

Ya fi dacewa ya ware 70 na dole, 20 na biki, suna da taimakon 'yan uwa, 10 na ajiya. Naira 7,000 ke nan, kuma ranar da albashi ya shiga za a cire ta a zuba a adashi. Wanda ya ce sai ƙarshen wata, hannu wofi zai tashi.

Sai dai mafi yawan mutanen yankin manoma ne, da kaka suke samun nasu. Su kam kaso ba baƙonsu ba ne, domin zakkar amfanin gona ɗaya cikin goma ce ga noman damina, ɗaya cikin ashirin ga na ban-ruwa, idan ya kai nisabi. Haka za a ci gaba da ƙidaya da buhu. Mai buhu 20 na gero ya fitar da 2 na zakka, ya zuba 11 a rumbu don ci, ya kai 4 kasuwar Sara don hidima, ya ɓoye 3 saboda taki da lalurar rashin lafiya.

Ajiyar hatsi kan fi ta takardar Naira jure tsadar kaya, tunda farashi yakan ɗaga idan damina ta yi nisa. Amma ba kullum ba: a 2025 farashin ya faɗi, waɗanda suka zuba duk tanadinsu a buhuna sun tafka asara.