Yadda Za A Daidaita Jadawalin Ƙungiya Ya Shiga Takarda

A shekarar 1991 ne ƙungiyar CARE ta fara tsarin asusun Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi. A farko da ka ake riƙe lissafi, kowace mace tana tuna zubinta da na maƙwabciyarta. Da karatu ya yaɗu, sai lissafi ya koma cikin littafi, wani lokaci kuma a kai shi birni a buga da kwamfuta. A nan ne ake buƙatar kula, domin allon kwamfuta yana nuna jadawali komai faɗinsa, amma takarda tana da iyaka.

Menene jadawali?

Jadawalin da ake yi da manhajar Excel yana kama da gurbin dara: layuka a kwance, layuka a tsaye, inda suka haɗu kuma shi ne gida. Kowane gida yana ɗaukar abu ɗaya, ko suna ko adadi. Idan ba a taɓa shi ba, faɗin gida bai wuce na haruffa takwas ba sai kaɗan.

Idan gida ya yi ƙanƙanta

Abu biyu ke faruwa. Idan suna ne, kuma gidan da ke kusa da shi akwai rubutu, sai ƙarshen sunan ya ɓuya. A ƙungiyar da ke da Hadiza uku, wannan yana iya sa a ɗora wa wata bashin da ba nata ba. Idan kuma adadi ne, kamar 125 000, sai a ga alamar #### a madadinsa. Kuɗin bai ɓace ba, wuri ne bai ishe shi ba. Maganin shi ne a kai linzamin kwamfuta kan iyakar da ke tsakanin haruffan sama, a danna sau biyu. Layin zai buɗe daidai da rubutu mafi tsawo da ke cikinsa.

Auna takarda

Takardar da ake bugawa a Nijar ita ce A4. Faɗinta santimita 21, tsawonta 29,7. Idan aka bar santimita 2 a kowane gefe, saura 17 a tsaye, ko 25 da ɗoriya idan an kwantar da ita.

Ga misali: lamba ta ci santimita 1, suna ya ci 6, layuka takwas na zubi da bashi kowanne ya ci 2. Jimla 23 ke nan. A tsaye ba zai shiga ba, layukan ƙarshe za su faɗa shafi na biyu ba tare da sunaye ba. A kwance kuwa zai shiga duka.

Abin da za ku gaya wa mai bugawa

Yawancin kwamfutocin ƙasar nan da Faransanci suke, saboda haka ga sunayen da zai gani:

1. Ya buɗe Mise en page, ya zaɓi A4, sannan Paysage, wato takarda a kwance.
2. Ya sa faɗin jadawali ya tsaya a shafi ɗaya, ya bar tsawo ya kai shafi biyu ko uku. Matse komai a shafi ɗaya yana mai da rubutu kamar ƙwayar gero.
3. Ya sa layin kanu ya maimaitu a saman kowane shafi.
4. Ya yi amfani da manyan haruffa, kamar girma 14, saboda sababbin masu karatu da tsofaffi.
5. Ya nuna muku Aperçu avant impression, wato kamannin takarda kafin a buga.

Kafin ku biya

Ku sa a buga kofi ɗaya tukuna. Ku ƙirga sunayen ƴan ƙungiya, ku duba layin ƙarshe na dama, ku tabbata haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ sun fito daidai. Sai kun gamsu za a buga sauran. Takardar da kowa ke iya karanta sunansa da kuɗinsa a cikinta tana kashe gardama ranar rabon asusu.