Mai gadin da ba ya jin Hausa

Duk wanda ya taɓa jiran mota a babbar tashar Sakkwato, ko ya ratsa gefen Tsohuwar Kasuwa da hantsi, ya san muryar nan. Tsohuwar mota ce an ɗaure mata lasifika a ka, an jera kwalabe da ƙulle-ƙullen gari a bayanta. Mai maganin zai fara da shawara da basir da sanyin mara, sai ya ga an taru sannan ya gangaro kan abin da ya kawo shi, ya shiga ambaton al'aura da sirrin shimfiɗa ba sakayawa. Dattijo ya sunkuyar da kai ya ƙara sauri, uwa ta ja hannun ɗiyarta. Duk da haka motar tana da wurin tsayawa. Ana iya kauce mata, ana iya gaya wa sarkin tasha ya ce a rage murya ko a tashi.

Yanzu motar ta koma cikin waya, kuma babu sarkin tasha. Kwanan baya ɗan ƙanena, yaro ɗan shekara 11, ya karɓi wayata zai kalli ƙwallo. Bidiyo na uku da ya hau masa, wata mata ce da hijabi har ƙasa, tana riƙe da robar tsimi da gumba, tana bayanin abin da za su yi wa maigida da kalmomin da ba zan iya rubuta su a jarida ba. Yaron ya miƙo mini wayar bai ce komai ba, bai kuma dube ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hoton bai da aibu ko kaɗan. Dukkan ɓarnar a baki take.

Kamfanonin shafukan sada zumunta suna da dokoki, kuma a rubuce ba su da laifi. Meta, mai Facebook da Instagram, ta hana tallar da ke nuna tsiraici ko tsayuwa da motsin da ke tayar da sha'awa. Ta kuma hana tallar kayan da manufarsu ƙara jin daɗin jima'i. Abin da ya shafi lafiyar haihuwa, kamar tazarar iyali, ta yarda a tallata shi ga waɗanda suka kai shekara 18, muddin zancen lafiya ne. TikTok da Google ma suna da nasu shingayen. Sai dai galibin aikin tantancewar inji ke fara yin sa, kuma inji ya fi gane fatar jiki da kalmar Ingilishi. Bai san mene ne hakin maye ba, sunan da muke kiran kayan mata da shi a nan Sakkwato. Bai san ɗan matsi ba, bai san abin da ake nufi da mallaka ba, balle habaici da zaurancen da mai talla ke canzawa duk mako. An ajiye mai gadi a ƙofa, yana da ido amma ba ya jin yaren masu shiga.

Kuskuren nasa kuma ta fuska biyu yake. A watan Janairun 2022 wata ƙungiya a Amurka, Center for Intimacy Justice, ta fitar da rahoto a kan kamfanoni da ƙungiyoyi 60 masu aiki a kan lafiyar mata, ta tarar dukkansu Facebook ya taɓa ƙin karɓar tallarsu da sunan batsa, alhali a kan haila da ciwon mara da makamantansu suke magana. Daga baya a shekarar Meta ta gyara lafazin dokarta. Wannan ya shafe mu kai tsaye. A Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha ana yi wa mata aikin yoyon fitsari, kuma akwai matan karkara da ke zaune shekaru cikin wannan lalura ba su san ana warkewa ba. Saƙon da zai kai musu labari dole ya ambaci jiki. Shingen da zai iya tare likita ya bar mai tsimi ta wuce, an gina shi a karkace.

A gida ma ba a rasa doka ba. A 2022 aka kafa hukumar ARCON, wadda ta gaji APCON ta 1988, aka ba ta ikon tantance kowace talla kafin ta isa ga 'yan Najeriya, har da ta intanet. A watan Oktoban 2022 ta maka Meta a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja tana neman Naira biliyan 30, bisa zargin nuna tallace-tallacen da ba a tantance ba. NAFDAC kuwa, hukumar kula da abinci da magunguna wadda aka kafa a 1993, dokarta ta ce ba a tallata magani, ko da na gargajiya ne, sai yana da rajista kuma ta amince da lafazin tallar. Amma duk wannan an tsara shi ne don kamfani mai ofis da adireshi. Mai sayar da maganin ƙarfin maza a Mabera ko Runjin Sambo ba ya biyan Facebook ko sisi. Bidiyo yake ɗorawa a shafinsa kamar kowa, ko ya ba wata mai mabiya da yawa 'yan kuɗi ta yaba kayan, ciniki kuma ya ƙare a WhatsApp, inda babu idon da ke gani. A lissafin kamfani wannan ba talla ba ce, hira ce.

Kuma lamarin ya wuce kunya, ya kai ga rai. NAFDAC ta sha yin gargaɗi cewa ana cakuɗa wasu daga cikin waɗannan haɗe-haɗen da sildenafil, sinadarin da ke cikin Viagra, a sayar da sunan saiwa da sassaƙe. Mai ciwon zuciya da ke shan magungunan buɗe jijiya, idan ya haɗa da wannan, jininsa na iya faɗuwa warwas. Batsar da ke cikin tallar ita ce ke hana tambaya. Wanda aka kama ta wajen sha'awa a ɓoye yake saye, a ɓoye yake sha, in ya kwanta ciwo ma ba zai gaya wa likita abin da ya sha ba.

Na ji masu cewa a hana zancen gaba ɗaya, a kulle duk shafin da ya ambaci kayan mata. Ban yarda da su ba, kuma tarihin garin nan bai goyi bayansu ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta littafi sukutum a kan magungunan basir. A makarantun zaure, yaro yana karanta Ahalari da Iziyya da Risala, malam yana fassara masa hukuncin haila da janaba da wanka ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce an yi batsa. Gyaran amarya kuwa sana'ar gwaggo da kaka ce tun fil'azal, a ɗaka, tsakanin mata. Sakkwatawa sun san bambancin bayani da batsa tun kafin a ƙera waya. Kunne ne ke rarrabe su, kuma sai kunnen da ya tashi cikin harshen.

Shi ya sa nake ganin Hisbar jiha, da ofishin NAFDAC na Sakkwato, da shugabannin masu maganin gargajiya su ne ya kamata su fara zama, tun da su ne suka san masu sana'ar da sunayensu da shagunansu. Kama yarinya a aske mata suma a bainar jama'a ba zai rage kwalba ɗaya ba. Abin da zai rage shi ne a ce ga lafazin da aka yarda da shi, ga wanda za a ƙwace kaya a kansa, kuma duk haɗin da za a tallata sai ya bi ta ɗakin gwaji. Su kuma kamfanonin, ARCON tana da hurumin tambayar su a rubuce: mutum nawa kuka ɗauka masu jin Hausa suna sauraron abin da ake faɗa, kuma cikinsu nawa ne za su gane Sakkwatanci? A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kaɗai, duk shekara ana yaye ɗaliban Hausa da za su iya wannan aikin.