Daga Alaba Rago zuwa Koriya: Yadda kasuwa da iyaka ke sauya harshe

Sunan Alaba Rago kansa shaida ne. Rabinsa na farko Yarbanci ne, na biyun kuwa Hausa, domin raguna ne suka kafa kasuwar a ƙaramar hukumar Ojo, kan hanyar Legas zuwa Badagry. A nan da Agege, inda fataucin goro da layin dogo suka zaunar da Hausawa tun zamanin Turawa, ana jin wata Hausa da ta sha ruwan Yarbanci da Ingilishin buroka. Baƙon da ya sauka daga Kano ko Katsina kan yi saurin cewa an gurɓata harshe.

Sai dai tarihi bai goyi bayan wannan hukunci ba. Kalmomi irin su ashana da akawu da agogo, waɗanda Bakano ke furtawa ba tare da ɗar ba, daga Yarbanci aka aro su. Yarabawa ma ta bakin Hausawa suka karɓi wahala da albasa da lafiya, kowace da irin lafazinsu. Masana sun sanya Hausa cikin dangin harsunan Cadi, reshe na babban gidan da ya haɗa Larabci da Ibrananci da harshen Abzinawa, amma rumbun kalmominta cike yake da aro daga Larabci da Barbarci da Ingilishi. A zangunan Gana ma an daɗe da samun karin Gananci, wanda bai cika bambanta jinsin namiji da na mace ba.

Koriya ta nuna ɗaya fuskar al'amarin. Har yau masana ba su tabbatar wa Koriyanci wani dangi na jini a wajen yankinsa ba, kuma yawancinsu sun yi watsi da hasashen da ya haɗa shi da Turkanci da Mongolanci. Fiye da rabin kalmominsa daga Sinanci suka samo asali. A 1443 Sarki Sejong ya ƙirƙiro baƙaƙen Hangul, aka ƙaddamar da su a 1446, domin talaka ya iya rubuta abin da yake faɗa.

Bayan raba ƙasar a 1945, harshen ya kama hanya biyu. Arewa ta ɗauki karin Pyongyang a matsayin mizani, ta dinga korar kalmomin aro. Kudu ta buɗe ƙofa ga Ingilishi. Kalmar dongmu, wadda a da take nufin aboki, ta zama laƙabin 'yan gurguzu a Arewa, sai mutanen Kudu suka ƙaurace mata. Cikin shekaru tamanin, rabuwa ta haifar da gibin da ke wahalar da masu tserewa daga Arewa idan sun isa Seoul.

Cuɗanya kan ƙara wa harshe kaya, yankewar zumunci kuwa ita ke raba shi. Saboda haka abin damuwa a Agege, ko a gidan ma'aikacin tarayya da aka tura Legas ko Abuja, ya wuce kalmar aro a bakin yaro. Haɗarin yana ga yaron da ke jin Hausa amma yake mayar da amsa da Ingilishi, domin ba lalle ne nasa 'ya'yan su ji ta ba.