Guru Nanak Musulmi Ne? Gaskiya da Jita-jita Kan Masu Rawanin Indiya

Duk mai kallon fina-finan Indiya, a Ngojin yake ko a cikin garin Potiskum, ya saba ganin wasu mutane masu naɗin rawani da cikar gemu. Wasu kan ce Musulmi ne, wasu su ce 'yan Hindu ne, har akan ji ana cewa wanda ya kafa addininsu alhaji ne. Mutanen nan mabiya addinin Sikh ne, wanda Guru Nanak ya assasa a yankin Punjab. Bari mu bi maganganun ɗaya bayan ɗaya.

"A gidan Musulmi aka haife shi." Ƙarya ne.
An haifi Nanak a shekarar 1469 a ƙauyen Talwandi, wanda yau ake kira Nankana Sahib, kusa da Lahore a Pakistan. Iyayensa, Mehta Kalu da Mata Tripta, 'yan Hindu ne. Abin da ya tabbata shi ne ya yi cuɗanya da Musulmi sosai. Ya yi aiki a rumbun hatsin Daulat Khan Lodi a Sultanpur, kuma abokin tafiyarsa na shekaru, makaɗi Bhai Mardana, Musulmi ne.

"Ya musulunta daga baya." Da'awa ce, mabiyansa ba su yarda da ita ba.
Wanda ya fi yayata ta shi ne Mirza Ghulam Ahmad, wanda ya kafa Ahmadiyya, a littafinsa Sat Bachan na 1895. Hujjarsa wata riga ce da ke ajiye a garin Dera Baba Nanak, da aka ce ta Nanak ce, mai ɗauke da ayoyin Alƙur'ani. Sai dai koyarwar Nanak ta saɓa wa Musulunci a tushe. Ya koyar da cewa rai yakan sake dawowa duniya a wani jikin har sai ya sami tsira, kuma bai ɗora wa mabiyansa salloli biyar ko azumin Ramadan ba.

"Ya je Makka." Yana cikin ruwayoyinsu.
Labarin ya zo a cikin littattafan tarihin rayuwarsa da ake kira Janamsakhi, waɗanda aka rubuta shekaru da dama bayan mutuwarsa. 'Yan Sikh sun gaskata shi. Masana tarihi kuwa sun rabu, musamman tun bayan da ɗayansu, W. H. McLeod, ya nuna shakkunsa a littafinsa na 1968. Ko da an karɓi ruwayar, ziyara ta ambata, ba ta ce ya canja addini ba.

"Gumaka suke bauta wa." Ƙarya ne.
Nanak ya koyar da cewa Ubangiji ɗaya ne, ba shi da siffa, ba a haife shi ba. Ya soki bautar gumaka da tsarin fifita wani jinsi a kan wani da ya yi katutu a Indiya. Koyarwarsa ta tsaya kan abu uku: ambaton Ubangiji, neman halali da gumin goshi, da raba abin da aka samu da mabuƙata. Daga nan aka samo al'adar langar, wato ciyar da kowa kyauta a wuraren ibadarsu, attajiri da talaka a zaune a ƙasa sahu ɗaya.

"Akwai maganganun Musulmi a littafinsu." Gaskiya ne.
Guru Arjan, jagoransu na biyar, ya tattara littafin a 1604, ya sa baitocin Shehu Farid, wani sufi na Punjab, tare da na wasu waliyyan Hindu. Littafin, Guru Granth Sahib, shi suka ɗauka jagora tun bayan rasuwar jagoransu Guru Gobind Singh a 1708.

"Rawaninsu alamar Musulunci ce." Ƙarya ne.
Rawanin yana rufe gashin da ba a askewa, dokar da ta kafu a 1699 lokacin da Guru Gobind Singh ya kafa jama'ar Khalsa, shekara 160 bayan mutuwar Nanak a Kartarpur a 1539. Manmohan Singh, firaministan Indiya daga 2004 zuwa 2014, irin wannan rawanin ya riƙa naɗawa. Ruɗanin nan ya taɓa jawo asarar rai. Ranar 15 ga Satumba 2001, kwana huɗu bayan harin New York, wani ya harbe Balbir Singh Sodhi a jihar Arizona ta Amurka, yana zaton Musulmi ne.

A taƙaice, addinin Sikh addini ne mai zaman kansa. Ba reshen Musulunci ba ne, kuma mabiyansa ba sa ɗaukar kansu 'yan Hindu. Ɗan'uwa, in saƙo ya shigo wayarka yana cewa akasin haka, ka tambayi hujja kafin ka tura wa wani.