Ba Likita Ke Cin Ƙafar Ba

Na gaji da jin maganar nan a majalisa: "Kada ku kai shi asibiti, yanke ƙafa kawai suka iya." Yaro ya faɗo daga babur, gwiwa ta goce, sai a kwashe shi zuwa gidan mai ɗori, a ja, a murza, a jera kara a ɗaure tamau. Bayan kwana huɗu yatsu sun yi baƙi, an fara jin wari, sannan a tuna da asibiti. Idan aka yanke, a ce likita ne mugu.

Ga abin da ba a gani. Babbar jijiyar jini da ke saukowa ta cinya tana zagayawa ta bi ta bayan gwiwa, dab da ƙashi. A nan take fitar da ƙananan rassa biyar da ke kewaye gaɓar, wasu rassan kuma daga sama da ƙasa su haɗu da su. To amma ita uwar jijiyar a riƙe take gam ta sama da ta ƙasa, ba ta da wurin kaucewa. Da zarar ƙashin ƙwauri ya zame daga na cinya, sai ya miƙe ta kamar igiya, har tana iya tsagewa ko toshewa. Ƙananan rassan nan ba su isa su ciyar da ƙafa su kaɗai ba idan toshewar ta zo farat ɗaya. A Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin da aka ɗaure musu wannan jijiya maimakon a gyara ta, fiye da kashi 70 cikin 100 sun rasa ƙafa.

Naman da jini ya yanke masa ba ya jiran kowa. Awa 6 zuwa 8 kacal likitan tiyata ke da su. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1977 ya nuna cewa waɗanda suka wuce awa 8 ba a gyara musu jijiyar ba, kashi 86 cikin 100 sai da aka yanke musu ƙafa. Mu kuwa kwana muke ƙirgawa, muna jiran kawu ya dawo daga kasuwa a yi shawara.

Ban ce masu ɗori ba su iya komai ba. Amma hannu ba ya ganin jijiya, kuma ɗaurin tamau kansa yana shaƙe jini ko da jijiyar lafiyarta ƙalau.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne sau da yawa gwiwar kan koma mazauninta da kanta, a ce ai targaɗe ne. Kada wannan ya yaudare ku. Ku taɓa ƙafar, ku gwada da ɗayar. Ta yi sanyi? Ta ɗashe? Mai raunin yana jin taɓawa? Yana iya motsa yatsu? Ciwon ya wuce kima, ko sha-raɓa ta kumbura ta yi tauri? Ko ɗaya kuka gani, kada a shafa man zafi, kada a gasa, kada a yi tsaga. A tallafe ƙafar ba tare da matsewa ba, a hana shi abinci saboda tiyata, a nufi asibitin da ke da likitocin ƙashi, irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ko ƙafar da ɗuminta a je, don tsagewar cikin jijiya kan toshe daga baya.

Iyaye, don Allah, a daren da abin ya faru za a tafi, ba sai gari ya waye ba.