Ken Nnamani: Sanatan da ya binne tazarce ba tare da ya ɗaga murya ba

A ranar Talata, 16 ga Mayun 2006, Shugaban Majalisar Dattawa Ken Nnamani ya tambayi sanatoci ko sun amince a yi wa ƙudurin gyaran kundin tsarin mulki karatu na biyu. Masu cewa a'a suka rinjaye, ya buga gudumarsa, ƙudurin ya mutu. Da wannan ne aka rufe yunƙurin da ake yi na bai wa Shugaba Olusegun Obasanjo damar neman wa'adi na uku, wanda aka fi sani da tazarce. Mutumin da ya jagoranci zaman kuwa ɗan jam'iyyar PDP ne mai mulki, shekararsa uku kacal a majalisar, kuma kafin lokacin ba kowa ne ya san sunansa ba a wajen Jihar Inugu.

An haifi Kenechukwu Nnamani a shekarar 1948 a Inugu. Ya yi karatun harkokin kasuwanci a Jami'ar Ohio da ke Amurka, inda ya samu digiri na farko da na biyu, ya kuma shafe mafi yawan shekarunsa na ƙarfi a fagen kasuwanci. Yana da shekara 54 lokacin da aka zaɓe shi Sanatan Inugu ta Gabas a 2003. Ba shi da tarihin gwagwarmayar titi, ba a kuma san shi da zafin baki ba. Irin 'yan majalisar nan ne da ke zama a kujerun baya, su yi magana idan an zo kansu.

Yadda ya hau kujerar shugabanci ma yana da nasaba da wannan hali. PDP ta keɓe wa Kudu maso Gabas muƙamin tun 1999, kuma kujerar ta zama mai cin masu hawanta. An tsige Evan Enwerem a 1999, aka tsige Chuba Okadigbo a 2000, Anyim Pius Anyim ya ƙarasa zangon amma bai dawo majalisar ba. Adolphus Wabara ya sauka a Afrilun 2005 bayan Obasanjo ya fito a talabijin ya zargi wasu 'yan majalisa da karɓar Naira miliyan 55 daga Ma'aikatar Ilimi domin a ƙara mata kaso a kasafin kuɗi. A irin wannan yanayi, sanatoci na neman wanda ba shi da tabo, fadar shugaban ƙasa kuma na neman wanda ba zai zame mata ƙarfen ƙafa ba. Nnamani ya yi kama da wanda zai gamsar da ɓangarorin biyu, sai aka zaɓe shi a ranar 5 ga Afrilun 2005, ya zama na biyar a cikin shekara shida.

Domin a gane nauyin abin da ya biyo baya, sai an duba yadda ake gyara kundin tsarin mulkin 1999. Sashe na 137 ya hana wanda aka zaɓa shugaban ƙasa sau biyu sake tsayawa takara. Sashe na 9 kuma ya ce ba a taɓa irin wannan tanadi sai da amincewar kashi biyu bisa uku na dukan 'yan kowace majalisa, wato sanata 73 cikin 109 da wakilai 240 cikin 360, sannan majalisun dokokin jihohi 24 cikin 36 su goyi baya. Ma'ana, sanata 37 sun isa su tare hanya. Wannan lissafi ne ya sa kowace ƙuri'a ta yi tsada, ya kuma sa aka yi ta yaɗa zargin cewa ana bi gida-gida da jakunkunan kuɗi. An fi ambaton Naira miliyan 50 ga kowane ɗan majalisa. Obasanjo dai ya sha musanta cewa ya nemi wa'adi na uku.

Masu shirin sun yi dabara. Ba su kawo tazarce shi kaɗai ba, sun cusa shi ne a cikin ƙuduri guda mai ɗauke da gyare-gyare sama da 100, wanda kwamitin haɗin gwiwa ƙarƙashin Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, Ibrahim Mantu, ya shirya. A ciki akwai abubuwan da yankuna suka daɗe suna nema, kamar ƙarin kason man fetur ga jihohin da ake haƙowa, da batun karɓa-karɓa, da rage kariyar da masu mulki ke da ita daga gurfana a kotu. An kuma sanya gwamnoni cikin masu cin moriyar ƙarin wa'adin, su da ke riƙe da majalisun jihohi. Tunanin shi ne kowa zai ga abin da yake so a cikin buhun, ya ɗauka duka.

A nan ne halin Nnamani ya yi aiki. Mataimakin Shugaban Ƙasa Atiku Abubakar ya fito fili yana adawa da shirin, wasu sanatoci irin su Uche Chukwumerije suna ta gangami, shi kuwa shugaban majalisar ya ƙi bayyana inda ya karkata. Matsayinsa bai wuce cewa za a bi ƙa'idar majalisa ba. Masu adawa da tazarce sun yi ta zarginsa a ɓoye da cewa an gama da shi, masu goyon baya kuma suna ganin ɗan jam'iyya ne da ba zai kunyata gida ba.

Matakai biyu ya ɗauka, kuma babu wanda za a kira tawaye a cikinsu. Ya bai wa kowane sanata mai son magana damar ya tashi ya faɗi ra'ayinsa, aka shafe kwanaki ana muhawara. Ya kuma bari a watsa zaman kai tsaye, tashar AIT ta ɗauke shi zuwa gidaje da ofisoshi da rumfunan kasuwa. Duk wanda ya san siyasar ƙasar nan ya san bambancin alƙawarin da aka ɗauka da dare a falon wani babba da kalmar da za a furta da rana, mutanen mazaɓa suna kallo, ga zaɓe saura ƙasa da shekara guda. Sanatan da ya amsa da baki a ɓoye ya tarar dole ya miƙe, da sunansa da na mazaɓarsa, ya maimaita. Da yawa ba su iya ba. Wasu suka ɓuya a bayan dogon turanci, wasu suka ce sun tuntuɓi jama'arsu an hana su. Ana cikin haka jami'an tsaro na farin kaya suka kai samame ofishin AIT na Abuja, abin da ya ƙara nuna inda takalmin ke matsa.

Lokacin da aka zo kaɗa ƙuri'ar baki, lissafin ya riga ya bayyana ga kowa. Majalisar Wakilai, ƙarƙashin Aminu Bello Masari, ta ajiye nata ƙudurin bayan haka, domin babu amfanin ci gaba da abin da ɗaya majalisar ta kashe.

Masu karatu da ke bin labaran maƙwabta za su tuna yadda ta kaya a Jamhuriyar Nijar bayan shekara uku. Da Majalisar Dokoki ta ƙi ba Shugaba Mamadou Tandja haɗin kai kan nasa tazarcen a 2009, rusa ta ya yi, ya shirya zaɓen raba gardama, sojoji kuma suka kifar da shi a Fabrairun 2010. A Najeriya an tsaya a zauren majalisa, kuma mulki ya koma hannun Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2007, karo na farko da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa wani zaɓaɓɓe a tarihin ƙasar.

Sai dai hanyar da aka bi ta ci wasu abubuwa. Da yake an kashe ƙudurin ɗungurungum, duk sauran gyare-gyaren sun bi shi kabari, masu amfani da marasa amfani. Sai a 2010 aka samu nasarar yi wa kundin gyara na farko. Akwai masu ganin da an ware sashen tazarce an jefar, an ceci sauran. Amsar da ake ba su ita ce muddin ƙudurin ya tsallake karatu na biyu ya koma kwamiti, to ya koma ɗakin da ba kyamara, inda masu kuɗi da muƙami suka fi ƙarfi. Idan aka auna yanayin wancan lokaci, amsar ta fi ƙorafin nauyi.

Kuskure ne kuma a ɗauki Nnamani a matsayin ɗan adawa da Obasanjo. Bayan wata biyar da faɗuwar tazarce, shugaban ya ƙaƙaba dokar ta-ɓaci a Jihar Ekiti sakamakon rikicin tsige Gwamna Ayodele Fayose, kuma majalisar da Nnamani ke jagoranta ta amince. A zamaninsa ne aka zartar da dokar bayar da kwangilolin gwamnati ta 2007, wadda ma'aikata da 'yan kwangila ke aiki da ita har yau, kuma daga ɓangaren zartarwa ta fito. Inda ya ga gwamnati na kan hanya ya bi ta. Da aka yi zaɓen Afrilun 2007 kuwa, yana cikin manyan PDP ƙalilan da suka fito suka soki yadda aka gudanar da shi, duk da jam'iyyarsa ce ta lashe.

Irin wannan tsayuwa ba ta cika tara wa mai ita magoya baya ba. Zango ɗaya ya yi a majalisa. A 2007 kujerarsa ta Inugu ta Gabas ta koma hannun gwamna mai barin gado, Chimaroke Nnamani, kuma tun daga nan bai sake riƙe zaɓaɓɓen muƙami ba. Ya fice daga PDP a 2016, a shekarar ce kuma gwamnatin Muhammadu Buhari ta naɗa shi shugaban kwamitin gyaran dokokin zaɓe. Ya shiga APC a 2017, matakin da ya jawo masa suka a yankinsa, inda jam'iyyar ba ta da farin jini a lokacin, wasu ma suka ce bai bambanta da sauran masu bin inda iska ta kaɗa ba. A 2020 ya wakilci Kudu maso Gabas a kwamitin riƙon jam'iyyar na Gwamna Mai Mala Buni. A 2021 ya fitar da littafinsa mai suna Standing Strong, inda ya ba da nasa labarin zamanin da ya shugabanci majalisar, da matsin lambar da ya ce ya sha a kwanakin muhawarar tazarce.