Gindin Rimi a Legas: Tarihin da Sunaye Suka Adana

Idi-Araba, unguwar da Hausawa suka daɗe da zama cikinta a ƙaramar hukumar Mushin, ma'anar sunanta da Yarbanci ita ce "gindin rimi". Ko asibitin koyarwa na LUTH, da aka kafa a 1962, tarar da sunan ya yi. A Agege kuwa, Sango ba komai ba ne illa zangon fataken goro.

Sai dai Tsarin Mulkin 1999 ya danƙa ikon raɗa wa tituna suna a hannun ƙananan hukumomi. A Yulin 2025, sauya sunan tashar Charly Boy a Bariga ya tayar da ƙura, domin idan aka goge suna, shaidar zaman wasu mutane ce aka goge.